Mata Da Shan Gudu, Wasu Da Kwasar Riba

Jama'a, yau za mu ɗan jingine zancen tsadar hatsi da kuɗin rumfa, mu duba wani al'amari wanda wasu za su ce wasa ne kawai. Wasa ne, ba mu musa ba. Amma akwai gumin 'ya'yan talakawa a cikinsa, duk kuwa inda gumin talaka ya zuba muna da ta cewa.

Ran 24 ga watan Yuli 2022, a garin Eugene na ƙasar Amurka, wata 'yar Ijebu Ode mai shekara 25, ana ce da ita Tobi Amusan, ta yi tseren mita 100 na tsallake shinge cikin daƙiƙa 12.12. Tun da aka fara wannan tsere babu macen da ta taɓa yin sa da sauri haka. A ranar kuma ta ci lambar zinariya ta babbar gasar duniya, abin da babu ɗan Nijeriya, mace ko namiji, da ya taɓa yi a gasar. Da aka buga taken ƙasa sai ta fashe da kuka. Hoton nan ya zaga wayoyin mutane, daga rumfar mai atamfa har teburin mai shayi. Kafin gari ya waye manya sun fara aika gaisuwa, kowa yana cewa 'yarmu ce.

To, 'yar wa ce ran da ta ke neman takalmin gudu? Iyayenta malaman makaranta ne, su suka ɗauki nauyinta, kuma sai da wata jami'a ta Texas ta ɗauke ta karatu a 2016 kana ta sami fili da mai horo irin waɗanda suka dace da ƙafarta. Abin da mu ke so mu nuna ke nan. Sunan da matan nan su ke yi haja ce kamar kowace haja a kasuwa. Akwai wadda ta noma, akwai dillali, akwai mai saye. Jiya da yau, wadda ta noma ita ke tashi da ƙaramin kaso, sai fa in ta tsaya da ƙafarta ta yi ciniki da kanta.

ZAMANIN TAFI BA KWABO

Sai a 1928, a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, aka fara barin mata su yi tsere a Wasannin Olamfik. A shekarar sun yi tseren mita 800, wata Bajamushiya Lina Radke ta ci. Da wasu daga cikinsu suka nuna gajiya bayan tsere, yadda maza ma su kan gaji, sai jaridu suka zuzuta abin, shugabannin wasanni kuwa suka ce ai mace ba ta iya dogon gudu. Suka soke tseren, ba a komo da shi ba sai 1960, watau shekara 32. Waɗanda suka yanke hukuncin nan ko ɗaya ba ya cikin masu gudun.

A 1948 aka yi wasannin a Landan. Wata matar aure 'yar Holan, Fanny Blankers-Koen, mai shekara 30 da 'ya'ya biyu, ta je. An yi ta sukarta, ana cewa ta tsufa, ta zauna gida ta yi reno. Ta ci zinariya huɗu: mita 100, mita 200, mita 80 na tsallake shinge, da tseren miƙa sanda. Da ta koma Amsterdam aka zaga gari da ita a keken doki, jama'a suka cika hanya maƙil. Kyautar da aka fi tunawa an yi mata, keke ce ta hawa. Zinariya huɗu, keke ɗaya!

Sa'an nan ga Wilma Rudolph, baƙar fata 'yar jihar Tennessee ta Amurka. Ubanta ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, uwarta kuwa aikatau ta ke yi a gidajen mutane, ita ce ta 20 cikin 'ya'ya 22 na ubanta. Shan inna ya kama ta tana ƙarama, sai da ta kai wajen shekara 12 kana ta rabu da ƙarfen ƙafa. Saboda wariyar launi ta zamanin, uwar ta riƙa ɗaukar ta a mota tafiyar mil 50 zuwa Nashville, inda akwai asibitin da ke duba baƙaƙe. Wannan yarinya ce ta ci zinariya uku a Roma a 1960, duniya ta ɗauka. Da garinsu Clarksville suka shirya mata bikin tarba, ta ce ba za ta je ba in za a ware baƙi da farare. Dole aka haɗa su, shi ne taro na farko irinsa a garin. Kun ga inda suna ya yi amfani. Amma a 1962 ta bar gudu tana da shekara 22, ta koma koyar da yara a makarantar firamare, domin gudun ba ya ciyarwa.

Me ya sa ba ya ciyarwa? Domin akwai wata doka a lokacin da ta ce duk wanda ya karɓi kuɗi saboda wasa an kore shi daga Olamfik. Ana sayar da tikiti, jaridu suna ciniki da hotunan matan, shugabanni suna kwana a manyan masaukai, amma mai gudu in ta karɓi sule ta yi laifi. Doka ce da ta yi wa ɗan mai kuɗi daidai, wanda ya ke da abin ci ko bai yi sana'a ba. Ba a sassauta ta ba sai farkon shekarun 1980. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

DA TALABIJIN TA SHIGO

Da talabijin ta shiga gidaje, sai suna ya zama kuɗi tsaba. A 1988 Florence Griffith Joyner, ta 7 cikin 'ya'ya 11 na wani gidan talakawa a Los Angeles, wadda ta taɓa aikin banki da gyaran gashi don ta riƙe kanta, ta yi mita 100 cikin daƙiƙa 10.49, sa'an nan a birnin Seoul ta yi mita 200 cikin 21.34. Har yau babu macen da ta kamo waɗannan. Amma ku tambayi wanda ya ga zamanin, abin da zai fara gaya muku dogayen faratanta ne masu launi da irin tufafin da ta ke sawa. Nan dillalai suka gane abin da ku 'yan kasuwa kuka daɗe da sani, cewa kwalliyar kaya ta kan ja mai saye fiye da ingancinsa. Tun daga nan a kan sami mace ta fi kowa gudu amma talla ta tafi wurin wata, don an ce wancan ta fi kyaun hoto. Namiji kuwa agogo kaɗai a ke duba masa.

A zamanin nan ne matan Afirka suka fito. A 1984 a Los Angeles, Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci mita 400 na tsallake shinge, Sarki Hassan na Biyu ya buga mata waya, ya ce 'yan matan da aka haifa a ranar a sa musu sunanta. Daga baya ta zama ministar wasanni ta ƙasarta. A 1992 a Barcelona, Hassiba Boulmerka ta kawo wa Aljeriya zinariyarta ta farko a Olamfik a tseren mita 1,500, alhali ana yi mata barazanar kisa a gida. A wasannin nan dai Derartu Tulu, wadda ta tashi tana kiwon shanu a yankin Bekoji na ƙasar Habasha, ta ci mita 10,000, ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ci zinariya a Olamfik. Ta kama hannun Elana Meyer, Baturiyar Afirka ta Kudu da ta zo ta biyu, suka zaga fili tare. Abin da jakadu suka yi shekaru suna zance a kai, mata biyu suka nuna shi da zagaye ɗaya.

MU KOMO GIDA

Mu ma mun ga namu. A Barcelona, Mary Onyali da 'yan'uwanta uku suka ci tagulla a tseren miƙa sanda. A 1996 a Atlanta, Onyali ta ci tagulla a mita 200, Falilat Ogunkoya ta ci tagulla a mita 400, sa'an nan ita da Fatima Yusuf da Charity Opara da Bisi Afolabi suka ci azurfa a miƙa sanda. Ran 2 ga watan Agusta kuwa Chioma Ajunwa, 'yar sanda, auta cikin 'ya'ya tara na wani gidan talakawa a jihar Imo, ta yi dogon tsalle na mita 7.12 a yunƙurinta na farko. Ita ce ta fara kawo wa Nijeriya zinariyar Olamfik. Kashegari 'yan ƙwallonmu maza suka ci Ajantina da 3 da 2, sai kiɗa ya koma can.

An yi wa Ajunwa alkawarin gida a Legas a 1996. Yaushe aka ba ta makulli? A watan Yuni 2021, bayan shekara 25. Mun yaba wa wanda ya cika alkawarin, amma ku 'yan kasuwa ku gaya mana, wanda ya ɗauki kayanka bashi ya biya ka bayan shekara 25, ciniki ya yi da kai ko cuta? Yaron da aka haifa ran da ta yi tsallen nan ya isa aure kafin ta shiga gidan.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. A 2021 a Tokyo an hana 'yan wasan Nijeriya 10 shiga fili, ba don an kama su da laifi ba, sai don ba a cika musu adadin gwajin ƙwaya da doka ta ce a yi kafin a zo ba. Suka ɗauki kwalaye suka yi zanga-zanga a ƙasar mutane. A 2024 a Paris, Favour Ofili ta cancanci tseren mita 100, amma aka je aka tarar ba a shigar da sunanta ba. Shekara huɗu na horo suka tafi a kan takarda ɗaya da wani bai cika ba. Nijeriya ta komo daga Paris ba ko lamba ɗaya.

Saboda haka in mun ji an ce wata ta sauya ƙasa, kada mu yi saurin cewa ta ci amana. Gloria Alozie ta ci wa Nijeriya azurfa a Sydney a 2000, daga baya ta koma yi wa Sifen gudu. Salwa Eid Naser, haifaffiyar jihar Anambra, ta ci wa Bahrain zinariyar duniya ta mita 400 a 2019 cikin daƙiƙa 48.14. Mai tumatir da ya ga kasuwar garinsu ba rumfa, ba inuwa, ga kuma 'yan karɓar haraji, in ya ɗauki kwandonsa ya tafi kasuwar gaba, wa zai zarge shi?

YAU AKWAI KUƊI, AMMA A HANNUN WA?

Gaskiya ɗaya ce, yau ta fi jiya. Tobi Amusan ta karɓi dala 100,000 ladan bajintar da ta yi a 2022. A 2024 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta fara biyan dala 50,000 ga duk wanda ya ci zinariya a Olamfik, mace da namiji kuɗi ɗaya. Wannan ci gaba ne, wanda ya ce ba haka ba ya yi son zuciya. Amma mace nawa ke cin zinariya? Sauran ɗaruruwan da su ke cika fili, waɗanda in ba su babu tseren, abincinsu yana hannun kamfanonin takalma, su kuwa kamfanonin ciniki su ke yi, ba zumunci ba.

Ku ji labarin Allyson Felix ta Amurka. Ta ci lambobi da yawa tana sanye da takalman Nike. Da ta haihu a watan Nuwamba 2018, haihuwa mai wuya ta hanyar tiyata, kamfanin ya nemi ya rage mata kashi 70 cikin 100 na abin da ya ke biyan ta. Ba ta yi shiru ba. A watan Mayu 2019 ta rubuta a jarida ta fallasa abin, wasu matan ma suka yi magana, jama'a suka yi ca, kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya sake doka, ya ce ba zai rage kuɗin mai ciki ba har wata 18. Ita kuwa ta bar su, ta kafa kamfanin takalmi nata na kanta, ta sa takalminta ta je Tokyo ta ci lambobi biyu, suka cika 11 a Olamfik. Wannan ita ce wadda ta noma ta kuma kai kayanta kasuwa da kanta.

Ga kuma Faith Kipyegon ta Kenya, ta 8 cikin 'ya'ya 9, wadda ta ci gasar duniya ta matasa a 2011 ba takalmi a ƙafarta. Ran da ta ci zinariya a Rio a 2016, iyayenta ba su kalla a gida ba, don ƙauyensu babu lantarki. Bayan ta ci, ba a daɗe ba aka ja musu wuta. Mun taya su murna. Amma ashe turaku da waya suna nan tuntuni! Ashe sai 'yarku ta fi matan duniya duka gudu kana ku cancanci fitila? Ƙauyukan da ba su haifi Kipyegon ba fa? Ita dai ta haihu a 2018, ta komo ta ci a Tokyo, ta sāke ci a Paris, sau uku a jere a mita 1,500, abin da babu wanda ya taɓa yi.

Haka Julien Alfred ta tsibirin Saint Lucia, wanda mutanensa duka ba su kai 200,000 ba. Ta ci mita 100 a Paris a 2024, lambar Olamfik ta farko ga ƙasarta. Aka ba da hutu da sunanta, aka sa wa babbar hanya sunanta. Amma tana da shekara 14 sai da ta bar uwarta ta tafi Jamaika neman horo. Kullum haka ne, ba a ganin su ran shuka, sai ran girbi.

SUNA YANA DA ƘAYA

Dole kuma mu faɗi ɗaya gefen. Inda kuɗi ya shiga, algus ya kan biyo. Marion Jones ta ci lambobi biyar a Sydney a 2000, babu mace mai sunanta a lokacin. A 2007 ta amsa cewa ta yi amfani da ƙwayoyin ƙara ƙarfi, aka ƙwace lambobin, ta yi wata shida a kurkuku saboda ƙaryar da ta yi wa masu bincike. Matan da ta wuce da mudun ƙarya, wa zai mayar musu da ranarsu? Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa masu gaskiya sun yi hasara.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, dukiyar mace ta kan jawo mata maƙiyi a cikin ɗakinta. Agnes Tirop ta Kenya, mai shekara 25, ta kafa bajintar duniya a tseren kilomita 10 na mata a watan Satumba 2021. A watan Oktoba aka tarar da gawarta a gidanta a garin Iten, an sossoke ta da wuƙa, aka kama mijinta aka gurfanar da shi. Rebecca Cheptegei ta Uganda ta yi gudun yada-ƙanin-wani a Paris a watan Agusta 2024. A farkon Satumba wani da suka taɓa zama tare ya zuba mata fetur ya kunna, ta rasu a asibiti a Eldoret. Iyayenta sun ce rigimar a kan filin da ta saya ce. Kaico! Duniya ta san sunansu, amma ba a sami mai tsare ƙofarsu ba.

ABIN DA MU KE CEWA

Wani zai ce, me ya haɗa mai sayar da daddawa da matan nan? Ku dubi Shelly-Ann Fraser-Pryce ta Jamaika. A unguwar talakawa ta Waterhouse a Kingston ta tashi, uwarta da tallan bakin titi ta rene ta. Ta ci zinariyar mita 100 a Olamfik a 2008 da 2012, ta ci ta gasar duniya sau biyar, biyu daga ciki bayan ta haihu, ta kuma kafa gidauniya mai biya wa yara 'yan wasa kuɗin makaranta. Ribar tire ce ta haifi wannan suna. Maƙwabtanmu ma suna da tasu: Aminatou Seyni ta Jamhuriyar Nijar ta zo ta huɗu a duniya a mita 200 a 2022. Wani kuma zai ce shigar masu gudu ba ta dace da 'ya'yanmu ba. Wannan shawara ce ta kowane gida, ba mu tilasta kowa ba, sai dai mu tuna cewa a 2006 a Doha, Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain ta ci zinariyar mita 200 ta gasar Asiya jikinta a rufe, kanta a lulluɓe.

Bukatunmu ba su da yawa. Na ɗaya, duk mai mulkin da ya yi wa 'yar wasa alkawari a gaban 'yan jarida, ya rubuta ranar cikawa, a buga kowa ya gani. Na biyu, ma'aikacin da sakacinsa ya hana yarinya shiga tsere, a faɗi sunansa a kuma sauke shi, yadda a kan kori mai awon da aka kama da mudu biyu. Na uku, kuɗin da a ke kashewa wajen kai manya kallon wasa a ƙasashen waje, a juya shi ga filayen makarantun gwamnati da takalma da abincin yara, gama can ne 'ya'yan talakawa su ke. Na huɗu, abin da mace ta samu da guminta a rubuta shi da sunanta, in kuwa ta kawo kukan ana barazana ga ranta, a ji ta tun tana da rai.

Mu kuma talakawa akwai namu. Kada mu zama masu tafin yini ɗaya. Mu riƙa tambaya, ina wance da ta ɗaga tutarmu shekarun baya, an biya ta kuwa? In mun yi shiru, dillalai za su ci gaba da kwasa, mu kuwa a bar mu da hoto a waya. A biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, haka aka koya mana, ba a kuwa ce ban da mace ba.

Allah ya ba mai gaskiya sa'a. Sai mako mai zuwa.